Mangazun Gyaɗa da Samarin Damagaram

Duk wanda ya saba bi ta Ƙofar Nasarawa a Kano ya san dogon benen nan da ake kira Gidan Ado Bayero. Ba don karatu aka gina shi ba. Ofisoshi da harkar kasuwanci aka nufa da shi, ya daɗe yana jiran masu shiga, har aka taɓa shirin mayar da shi cibiyar fasahar sadarwa. Da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa Jami'ar Northwest a 2012, sai aka ga babu dalilin zaunar da yara a gida ana jiran a gama mazaunin dindindin, alhali ga gini a tsaye a tsakiyar gari. Aka share shi, aka yanka ajujuwa, aka zuba kujeru. A 2018 kuma Jami'ar Skyline mai zaman kanta ta buɗe a tsohon benen Bank of the North da ke bakin titin Zariya. Gine-gine biyu ke nan da aka yi domin lissafin kuɗi, yau ɗalibai ke hawa da sauka a cikinsu.

Wani aminina da ke koyarwa a Damagaram ya gaji da jin ina yabon wannan dabara. Ya ce, "Malam, ku Kanawa benaye kuke gani. Ka zo garinmu in nuna maka abin da ciniki ke bari idan ya mutu." Wannan magana ce ta sa na shirya tafiya.

Daga Kano zuwa Damagaram bai wuce kilomita 240 da wani abu ba, wato ya fi Kano zuwa Abuja kusa nesa ba kusa ba. Mun bi ta Kazaure, muka wuce Daura, muka isa Kwangwalam inda Najeriya ta ƙare. A ɗaya gefen kuma Ɗan Barto, inda ma'aikatan duwan, wato kwastan, da jandarmomi ke duba takardu. Hausa ɗaya ake yi a ɓangarorin biyu, gero ɗaya ake nomawa, sai dai kuɗi ya koma sefa, kuma lissafi ya koma dala da jika. Direbanmu bai daina maganar rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ba. Ya ce watannin nan kafin Najeriya ta buɗe nata gefen a Maris ɗin 2024, sai da ya sayar da tumakin matarsa ya ciyar da gida. Mutanen wannan hanya ba sa kallon iyaka a taswira, a tukunyarsu suke jin ta.

A Matamaye na fara ganin abin da aminina yake nufi. Wannan yanki, daga Matamaye da Kance har Magarya, shi ne zuciyar ƙasar gyaɗa ta Nijar. A zamanin Faransa kamfanoni irin su CFAO da SCOA ne ke sayen ta, yawancinta a loda a manyan motoci zuwa Kano, daga nan jirgin ƙasa ya kai ta bakin teku a Legas. Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA a 1962 ya riƙe cinikin. An yi masana'antar man gyaɗa a Matamaye, an yi wata a Magarya. Har farkon shekarun 1970 gyaɗa ce kan gaba a abin da Nijar ke fitarwa waje. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, yuraniyom na Arlit ya karɓe wurin, daga baya SONARA kanta ta rushe. Labarin da ya cinye dalar gyaɗar Kano shi ne ya cinye nan, a shekaru guda. Bambancin kawai, mu a Kano buhuna muka jera a fili, da suka tafi sai fili ya saura. Su a nan mangaza suka gina, wato manyan ɗakunan ajiya, kuma mangaza ba ta tafiya ko'ina.

Daga Takeita muka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai muka yi gabas. Muka wuce Tirmini, inda dakarun Sarki Amadu Kuren Daga suka kara da sojan Faransa a 1899, shekara guda bayan an kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram. Ba a jima ba manyan duwatsu suka fara bayyana, curi-curi, wani a kan wani, gidaje sun raɓe a jikinsu. Mun shigo gari ke nan.

Washegari da safe aminina ya fara kai ni Birni, tsohuwar unguwar da fada take, don a cewarsa baƙo ba ya fara da kasuwa bai gaida fada ba. Masarautar ta kafu tun shekarun 1730, amma sunan da ke bakin kowa shi ne Tanimu, wanda ya yi sarauta har 1884. Shi ya ƙarfafa ganuwa, ya sa maƙera suka zuba masa igwa a cikin gari, ya mayar da Damagaram mahaɗar fatake tsakanin Kano da Borno da Tarabulus. Lungunan Birni matsattsu ne, kuma har yanzu akwai gidajen da ke da zanko a kai da zane a fuska, aikin maginan da suka san ƙasa. Wasu an kula da su, wasu damina na ci musu gindi. Na daɗe a gaban wani zaure ina kallon zanen da aka fitar da hannu a jikin yaɓe, na ga layin bai karkace ko kaɗan ba.

Amma Zango na zo gani. Nan ne ayarin raƙuma ke sauka a da, da Abzinawa da Larabawan Gadamas, ana musayar fatu da gashin jimina da tufafi, har da bayi, abin da bai kamata a ɓoye ba. Nan ne Malam Yaro, attajirin da ya fi kowa suna a ƙarshen ƙarni na 19, ya yi gidansa da harkarsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin hamada ya fara mutuwa. A shekarar nan kuma Faransawa suka mayar da Damagaram hedikwatar mulkinsu, suka yi gine-gine, sannan a 1926 suka kwashe suka koma Yamai. Sai gyaɗa ta zo ta yi zamaninta ita ma ta wuce. Sau uku ke nan garin na cika yana batsewa sannan abin da ya cika shi ya janye, kuma kowane karo an bar masa bango da rufi.

Tsakanin Zango da Birni, da kewayen kasuwar Dole, muka yi ta yawo a ƙafa. Ba duka tsoffin kantuna da mangazu ne a rufe ba. Wasu 'yan kasuwa sun zuba siminti ko shinkafa, wasu an tsaga su shaguna. Amma akwai waɗanda kwaɗonsu ya yi tsatsa, tumfafiya ta tsiro a bakin ƙofa. A gaban ɗaya daga cikinsu muka tarar da wani dattijo a kan tabarma yana jan carbi. Muka durƙusa muka gaisa, aminina ya gaya masa daga Kano nake.

"Baba, wannan wuri na mene ne a da?"

"Gyaɗa, ɗana. Ni nan na yi aikin sikeli a ciki ina saurayi. Lokacin kaka in ka zo nan ba ka samun wurin taka ƙafa. Jakuna, raƙuma, amalanke, tun asuba."

Ya aiki jikansa ya karɓo mabuɗi a wani gida, aka buɗe mana ƙaramar ƙofa. Abin da ya fara ba ni mamaki sanyi ne. A waje rana ta riga ta yi zafi, amma ciki kaurin bango da tsawon rufi sun riƙe iskar dare. Daɓen siminti ne, ya tsage a wurare amma bai nutse ba. Ƙarafan da ke ɗauke da kwano suna nan garau, sai dai kwanon ya huje ta gefen gabas inda ruwan sama ke bugowa. Jemagu sun yi gida a sama. Na tsaya a tsakiya ina rarraba wurin a zuciyata: nan aji, nan aji, can ɗakin gwaji, ga wurin da za a jera injinan koyo ba tare da an rushe komai ba.

Na tambayi dattijon ko zai so a mayar da wurin makaranta. Ya yi shiru, sannan ya nuna yaron da ya kawo mabuɗi. "Wannan ya yi lakwal har ya kusa gamawa, ya faɗi jarrabawa, ga shi zaune. In an buɗe a nan, ko kuɗin kabu-kabu ba sai na ba shi ba."

Wannan magana ta Baba ita ce gaba ɗayan abin da nake son faɗa a rubutun nan. Ba araha kaɗai ke sa a gyara tsohon gini ba. Tsoffin gine-ginen ciniki a inda jama'a suke aka yi su, kusa da kasuwa, kusa da tasha, inda ɗan talaka zai iso da ƙafarsa, inda yarinyar da iyayenta ba za su bar ta ta yi nisa ba za ta je ta dawo kafin magariba. Sabuwar makaranta kuwa kusan kullum bayan gari ake kai ta, don can ne fili yake, kuma kuɗin zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya tace wa zai yi karatu, wa zai zauna.

Kada a ɗauka Damagaram ba ta da manyan makarantu. Shekara da shekaru, duk ɗan Nijar da ya ci jarrabawar bak, wato ta gama sakandare, in yana son jami'ar gwamnati sai ya tafi Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga nan. A 2008 aka buɗe cibiyoyin koyon fasaha na shekara biyu da ake kira IUT a Maraɗi da Tawa da Damagaram, sannan a 2010 aka kafa cikakkun jami'o'i a garuruwan uku. Ta Damagaram yanzu tana ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin, masanin tarihin da ya rubuta littafi a kan masarautar a ƙarni na 19, ya rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimu, ya kuma shugabanci babban taron ƙasa na 1991. Ya rasu a 2022. Mun shiga harabar da yamma, na ga samari da 'yan mata a gindin bishiyoyi suna bitar darasi, wasu da Faransanci, in abu ya ɗaure su koma Hausa su warware shi. A IUT ana koyar da tsara birane, da sufuri da jigilar kaya, da aikin ofis. Akwai kuma makarantar koyon aikin lafiya a garin, da cibiyoyin koyon sana'a. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma duk wanda ya san garin kafin 2008 zai shaida.

Sai dai ƙofar jami'a da ta IUT duka bak ce mabuɗinsu, kuma mafi yawan samarin Damagaram ba su kai nan ba. Jihar Damagaram ita ce ta fi kowace yawan jama'a a Nijar. Ƙidayar 2012 ta ba ta sama da mutum miliyan uku da rabi, kuma yara da matasa ne suka fi yawa. Matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011 a hanyar Tanut, tana iya tace ganga 20,000 a rana, amma matata ba gonar gyaɗa ba ce, hannu kaɗan take buƙata, kuma ƙwararren hannu.

Ɗan kabu-kabun da ya riƙa yawo da ni ɗan unguwar Kara-Kara ne, unguwar da asalinta wurin zaunar da kutare ne a gefen gari, wadda Aïcha Macky, 'yar Damagaram, ta yi fim a kan samarinta a 2021. A can ne aka fi jin labarin ƙungiyoyin samari da ake kira fale, masu ɗaga ƙarfe da faɗan unguwa, da masu shigo da fetur daga Najeriya a jarka. Ɗan kabu-kabun nan ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami, yana iya kwance injin babur ya mayar. Faransanci ne ba shi da shi. Na ce masa, "Ƙanena, da za a buɗe wurin koyon haɗa wutar sola, za ka je?" Ya ce, "Yaya, in da dare ne zan je. Da rana in na ajiye babur, wa zai ciyar da tsohuwa?" Ban san wani jami'in ilimi da ya taɓa bayyana buƙatar da kyau kamar haka ba.

Irin makarantar da yake bayani tana nan a duniya. A Amurka akwai kwalejojin unguwa na shekara biyu, masu karɓar kusan duk wanda ya zo, masu darasin dare da na ƙarshen mako saboda ma'aikata. A birnin Austin na jihar Texas, kwalejin garin ta saye wata katafariyar kasuwar zamani mai suna Highland Mall da ciniki ya ƙaurace wa, ta buɗe ajujuwa a cikinta a 2014, har da zaure guda mai kwamfuta kimanin 600 a inda a da ake sayar da tufafi. Damagaram ba ta buƙatar kwamfuta 600 a rana ɗaya. Tana buƙatar masu gyaran famfon burtsatse, da masu haɗa sola, da masu gyaran firji, da masu riƙe littafin ɗan kasuwa, da majema da dukawan da za su ɗaga aikin fatar da garin ya yi suna a kai ya shiga kasuwar waje. Kuma tana da hujjar koyar da su da Hausa. A nan Zango aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Nijar a 1973, kuma kundin da mahukuntan ƙasar suka fitar a Maris ɗin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan wannan ayyanawa za ta zama abin da talaka zai taɓa da hannu, to a aji irin wannan ne.

Aminina bai bar ni na tafi da zumuɗi kaɗai ba. Ya haɗa ni da wani tsohon magini a Birni, muka koma mangazar tare. Mutumin ya ƙwanƙwasa bango da sandarsa yana saurare, ya duƙa ya tona gindinsa da farce, ya ɗaga kai ya daɗe yana duban rufi. Ya ce jikin ginin lafiya lau, amma an yi shi ne don buhu, kuma buhu ba ya numfashi. Sai an fasa tagogi masu fuskantar juna, an bar kafofin iska a sama, an sa silin a ƙarƙashin kwano, in ba haka ba a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40, ba yaron da zai iya zama. Ya ja kunnena a kan gine-ginen ƙasa musamman. "Alhaji, kada a kawo wanda siminti kawai ya sani. Ka shafa wa bangon ƙasa siminti, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, shekara kaɗan ya ɓamɓaro da rabin bangon. Gyaran gangar Abzinawa ke nan." Ya ce yaɓen ƙasa da makuba, da azarar giginya wadda gara ba ta ci, su ne maganin irin waɗannan, kuma masu iya aikin suna ƙarewa. Nan take na ga cewa gyaran ginin kansa zai iya zama darasin farko na makarantar, shi malami, samarin unguwa ɗalibai.

Sai maganar ruwa, wadda babu zancen da ake yi a Damagaram bai biyo ta kanta ba. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan ƙasa ya yi masa wuya, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da Faransawa suka bayar lokacin da suka koma Yamai. Daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya, da Arungguza, da Ganaram. Da rani za ka ga layin jarkoki da 'yan garuwa tun kafin gari ya waye. Mangaza ba ta da banɗaki, don ba a yi ta domin mutane su wuni a ciki ba. Duk wanda zai tara ɗalibai ɗari biyu ko uku, maza da mata, dole ya fara da tanki da banɗakuna kafin allo. In aka yi sakaci da wannan, 'yan mata ne za su fara daina zuwa. Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne faɗin rufin: wanda ya isa ya rufe tan-tan na gyaɗa ya isa ya tara ruwan damina a tanki, ya kuma ɗauki faifan sola.

Da dare muna shan shayi a ƙofar gidansa, aminina ya kawo abin da ya fi duka wuya. "Ka ga ginin, ka ga magini, ka ga ɗalibai. To na wane ne ginin?" Wasu na gwamnati ne tun rushewar kamfanoninta. Wasu an sayar wa 'yan kasuwa. Wasu gado ne da ba a raba ba, magada sun warwatsu daga Agadas har Kano, babu mai ikon sa hannu shi kaɗai. Ya ƙara da cewa shugabanni sun fi son aza harsashi da yanke ƙyalle a kan sabon gini, kamar yadda aka gani a shirin Zinder Sabuwa, wato Damagaram Sabuwa, na bikin 18 ga Disamban 2018, da aka yi tituna da gine-gine masu kyau. Gyaran tsohuwar mangaza ba ya ɗaukar ido a hoto. Sannan ko an gyara, albashin malamai da kayan koyo kowane wata ake nemansu, gini kuwa sau ɗaya ake gyara shi.

Ban musa masa ko ɗaya ba. Na dai ce a Kano abin ya yiwu ne saboda ginin yana da mai shi guda da za a zauna da shi, don haka a nan ma sai a fara da waɗanda ke hannun hukuma, waɗanda ba sa buƙatar shari'a. Na gado kuwa, Damagaram tana da abin da garuruwa da yawa suka rasa, wato fadar da har yau ake jin maganarta. Magadan da ba za su amsa takardar ma'aikatar magajin gari ba za su amsa kiran Sarki, kuma haya ta shekara ashirin ko waƙafi hanyoyi ne da malamanmu suka san hukuncinsu tun da daɗewa.

Kafin in kama hanyar komawa ta Magarya da Babban Mutum, mun tsayar da abu guda da za a iya farawa ba tare da jiran kasafin kuɗi ba. Ɗaliban IUT masu karatun tsara birane suna neman abin da za su yi aikin kammalawa a kai kowace shekara. A raba musu unguwanni, Zango da Sabon Gari da kewayen Dole, su bi gini-gini su rubuta wanne ne a rufe, faɗinsa nawa, yaya rufinsa, akwai famfo kusa ko babu, kuma wa ke riƙe da takardarsa. Aminina ya ce zai kai maganar ga abokan aikinsa da ke koyarwa a sashen, ni kuma na ɗauki alkawarin nemo masa bayanin yadda aka tsara ajujuwa a benayen Kano, da abin da gyaran ya ci.